Hannun Baba Tsaya

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Baba Tsaya a cikin gida ba. Zai zura farar safar hannunsa, ya rataya usur, ya tafi bakin layi inda motoci masu gudun cunkoson babban titi suke kutsowa, ya ɗaga hannu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ba da hannu kafin ya yi ritaya, kuma har yau direbobi suna taka birki idan ya tsayar da su, wasu don ganin girmansa, wasu don sun zaci har yanzu yana iya kama mutum.

Mutanen layi sun ɗauka sabo ne kawai. 'Yarsa tela, wadda ta dawo gidan da kekenta na ɗinki bayan rasuwar mahaifiyarta, ita kaɗai ta san abin da ke ƙasa. Shekara biyu ke nan ƙwaƙwalwar tsohon tana zubewa. Ranar da ya fita ya ba da hannu, yakan dawo cikin hayyacinsa, ya ci abinci, har ya tsokane ta cewa ɗinkinta ya karkace. Ranar da ruwan sama ya hana shi, wuni yake yana buɗe ƙofofi yana neman matarsa. Sau ɗaya ma a tashar mota ta tsinto shi, ko takalmi babu.

Ana haka wata mota ta kaɗe ƙaramar 'yar wata malamar asibiti da ke zaune a layin, da yamma, a ƙofar gidan malamar, ƙafa ta karye. Malamar ta bi gida gida da takarda, hukuma ta ce idan mazauna sun amince za a kafa turakun ƙarfe a hana mota shiga.

Aka yi taron ranar Asabar a ajin firamare, manya sun cusa kansu a bencin yara, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Kowa ya zo da bakinsa, kunnen kuwa an baro shi a gida.

"Idan ba mota, me zan liƙe?" in ji mai facin taya na layin. "Ƙwallon yaranku?"

Malamar asibiti ba ta ɗaga murya ba. "Ni dai so nake in aiki yarinyata sayen sabulu, ta dawo min da ƙafafunta biyu."

Da shugaban layi ya ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu, biyu kawai suka tashi: na mai faci da na tela.

"Ke kuma fa, 'yar Baba?" shugaban ya ce. "Ko keke ba ki da shi sai na ɗinki. Mene ne dalilinki?"

Aka bushe da dariya. Tela ta waiwaya bayan aji, inda mahaifinta yake zaune tsaf, safar hannunsa a ninke bisa cinya. Faɗin dalilin yana nufin ta tona masa asiri a gaban mutanen da suke rusunawa su gaishe shi.

"Ba ni da dalili," ta ce.

"Haba, ƙawata," malamar ta ce. "Ke fa kika ɗinka mata rigar da aka kaɗe ta a ciki."

Maganar ta soki tela, amma ta haɗiye, ba ta sauke hannun ba.

A bakin ƙofa, ana turereniyar fita, tsohon ya ja gefen mayafinta. "Mu yi sauri. Uwarki tana can tana jiranmu da abinci."

Malamar asibiti tana tsaye a bayansu, ta ji shi. Ita ce ta cire wa matar tasa ƙarin ruwa ranar da ta cika, shekara shida da suka wuce. Suka haɗa ido da tela.

Ranar Talata aka kafa turakun. Washegari da ƙarfe bakwai Baba ya fita kamar kullum, tela tana biye da shi. Layin ya yi fayau, har ana jin ƙarar tsintsiya daga gida na uku. Ya ɗaga hannu rabi, ya duba dama, ya duba hagu. Ta ga fuskarsa ta fara yin irin abin da take yi ranar ruwan sama.

"Ina motocin?"

"Sun makara ne, Baba."

Sai ga malamar asibiti cikin fararen kayan aiki, 'yarta tana dogara sanda a gefenta. Suka zo gefen titi, malamar ta dafa kafaɗar yarinyar ta tsaya.

"Mama, ai babu mota."

"Ba a ba mu hannu ba tukuna."

Daga ɗaya ɓangaren mai faci ya taho a kan keke, yana ta kaɗa ƙararrawa kamar mai tuƙa tirela. Shi da bai taɓa buɗe rumfarsa kafin tara ba.

Baba ya miƙe ƙyam. Ya busa usur, ya kafa wa keken tafin hannu, da ɗayan kuma ya yafito yarinyar. Ta tsallaka a hankali, sanda na ƙwas, ƙwas, bai sauke hannu ba sai da ta hau ɗaya gefen.

"Baba, ni fa na makara," in ji mai faci, ƙafarsa ɗaya a ƙasa.

"Ka jira. Masu ƙafa ne farko."

Tela ta goge ido da gefen mayafi. Ba ta san ko safiya nawa za su iya yin haka ba, kowa da hidimar gabansa. Baba ya waiwayo ya gan ta tsaye.

"Ke kuma me kike yi a nan? Koma ki warware ɗinkin nan na jiya, ya karkace."