Gwajin Idon Honarabul

Shekara goma sha biyu Honarabul ya yi a majalisar ƙasa, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ka ji labarin dokar da ya kawo: duk direban da ya kai saba'in, sai an gwada idonsa kafin a sabunta masa lasisi. Lokacin yana ɗan hamsin da ɗoriya, yana ganin saba'in ta wasu ce. To, ga ta ta iso ƙofarsa.

Kujera ta tafi, direba ya tafi, masu gaisuwar safe sun koma gidan wanda ya gaje shi, duk bai ce uffan ba. Motarsa ce kawai ba ya so a taɓa. Ita ce wuri na ƙarshe da in ya ce dama ake yin dama. Ya kuma san idon ya fara cin amanarsa, don ko makon jiya sai da ya yi wa tukunyar fure sallama.

Amma tsohon ɗan siyasa ai ba ya shiga takara bai shirya ba. Ya kira wani abokin zamansa na majalisa da ya yi gwajin watan jiya, shi kuma ya karanto masa haruffan allon gwajin ta waya. Kwana uku yana haddace su a banɗaki.

Ranar gwaji 'yarsa Auta ta raka shi. Ɗan ɗaki ne mai kujera ɗaya da fanka mai ƙara, allon yana can jikin bango. Likitar ido, wadda ba ta wuce sa'ar Auta ba, ta ce, "Baba, a rufe idon hagu, sai a..."

Ina, bai bari ta ƙarasa ba. Ya gyara murya irin ta zauren majalisa, ya zubo haruffa tun daga babban har layin ƙasa, babu gargada. Ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Auta ta sunkuyar da kai. Likita ta nuna bango.

"Baba, ban kunna allon ba tukuna."

Kunya ta rufe shi, har ya ji gara ƙasa ta tsage. Da aka kunna, harafin sama kaɗai ya gane. Sauran kamar ƙudaje ne suka sauka a farin faranti.

Likita ta rage murya. "Ranka ya daɗe, na san ko kai wane ne. In kana so, sai in sa hannu kawai."

Wallahi yana so. Bai taɓa son ƙuri'a kamar yadda ya so sa hannun nan ba. Ya daɗe yana kallon inda yake zaton alƙalamin yake.

"Rubuta abin da kika gani, 'yata," ya ce. "Da bakina na ce ba sani ba sabo, ƙasa duka tana ji."

A wajen ajiye motoci ƙafarsa ta kai shi ƙofar direba kamar kullum. Ya buɗe, ya tsaya riƙe da ita. Sai ya juyo wajen Auta.

"Shiga mana," ya ce. "Ke na buɗe wa."