Maganin da Ya Tsaya a Kan Ɓeraye

A gida Auta ake ce mata, a wurin aiki kuma Dakta, ko da yake ba ta taɓa duba majiyyaci ba. Aikinta bincike ne a kan sankarar jini, a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke saman benen asibiti. Ta shafe shekaru tana bibiyar wata ƙwayar gado guda ɗaya da take zargin ita ke zuga ƙwayoyin cutar su yi ta hayayyafa. Da ta samu dabarar toshe ta, sai ta ga abin da ta daɗe tana jira a ƙarƙashin madubin ƙara girma: ƙwayoyin sun daina rabuwa, sun daina rarrafe zuwa gefen farantin gwaji. Ɓerayen gwajin da aka sa wa irin waɗannan ƙwayoyi saifarsu ba ta kumbura ba, hantarsu fes.

A lokacin nan yayanta, kafinta, yana kwance a hawa na ƙasa da wannan cuta. Da farko gajiya ce, har zarto ya fara yi masa nauyi, sai dasashi ya soma jini. Kullum da azahar takan sauko ta zauna gefen gadonsa, shi kuma ya riƙa tsokanarta, wai ta gaishe masa da ɓerayenta masu gata.

Farfesan da ke shugabantar sashen ne ya ɓata lamarin. Aka gayyace shi gidan rediyo, baki ya ɗebe shi, ya ce sun gano yadda ake tsayar da sankarar jini cak. Umma ta ji da kunnenta. Washegari ta hawo benen da ciwon gwiwarta, ta tsaya a ƙofar da aka hana baƙi shiga, ta ce a kira mata 'yarta.

Auta ta yi bayani iya yinta. Ta ce abin a faranti ne da ɓeraye kawai, ba a san yadda za a kai shi cikin ɓargon mutum ba, kuma yana iya kashe lafiyayyen jinin da ya rage wa yayanta. Ta ce sai an yi shekaru. Umma ta saurara har ƙarshe.

"Wato ɓera kika warkar, ɗan'uwanki kuma ya jira shekaru," in ji ta. "Shi da ya bar makaranta don ke ki yi."

Da Auta ta sauko wurin Yaya ranar, bai yi wasa ba. Ya sa matarsa ta fita, ya kama hannun Auta, ya ce ya san an gama da shi, ta kawo abin ta zuba masa a cikin ƙarin ruwa, babu wanda zai sani.

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

Ya saki hannunta, ya juya fuska bango. Ta ci gaba da saukowa, yana amsa gaisuwa, amma hira ta ƙare.

Bayan ɗan lokaci ɓerayen suka fara ramewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin cutar sun samu wata hanya sun kewaye wadda ta toshe, suka dawo da ƙarfi. Ta kai wa Farfesa sakamakon, ya ce a fara fitar da na farkon tukuna, wannan a duba shi daga baya. Bai koma rediyo ba. Ta gaya wa Umma, Umma ta ce ai dole yanzu ta ce haka.

Yaya ya rasu da hantsi, Auta tana sama tana wanke farantan gwaji. A zaman makoki ta ji wata gwaggonsu tana raɗa wa mata cewa maganin na nan, an ajiye wa manyan mutane ne. Babu wanda ya musa.

Umma ba ta sake ɗaga maganar ba. Tana amsa gaisuwa, tana tambayar aiki. Amma da aka rubuta mata sabon maganin hawan jini, sai ta ɗaura mayafi ta tafi wurin mai kemis na bakin layi ya karanta mata yadda ake sha, Auta kuwa tana zaune a falo.