Tayoyi Huɗu Iri Ɗaya

Sai da Malamin fasaha ya zagaya ɗakin gwaji sau bakwai kafin ya yarda laifin nasa ne. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar bidiyon shiga gasar mutum-mutumi ta makarantu, ga shi biyu ta gota. Sharaɗin ba shi da yawa: a nuna na'urar da ɗalibai suka haɗa ta yi gaba, ta yi gefe ba tare da ta juya ba. Tasu kuwa, in an ce gaba sai ta karkace ta nufi kwandon shara, in an ce gefe ta tsaya tana makyarkyata.

Tayoyin kanti masu wannan aiki sun fi ƙarfin makarantar, shi ya sa Malam ya ƙera guda da hannunsa: faifan ƙarfe biyu, a tsakaninsu guntayen bututun roba takwas jere a karkace, kowanne yana mirginawa. Ya kai wa mai walda na bakin titi, har da ɗaga yatsa. "Huɗu, kamar wannan sak. Ban da ƙarin basira."

Mai walda kuwa, karon farko a rayuwarsa, ya bi umarni. Malam ne ya manta cewa biyu za su karkata dama, biyu hagu, kamar takalmi. Yanzu ƙafar dama huɗu gare shi.

"Malam, a kifa biyu mana," in ji Dogo, ɗalibin da ke riƙe da sifana.

Aka kwance, aka kifa. Karkatar tana nan inda take. Malam ya san haka za ta kasance, ya dai bari ne ko Allah zai sa ilimin nasa ya yi kuskure.

Ya kira mai walda.

"Ranka ya daɗe, ina kan aikin ƙofar wani. Jibi."

"Jibi? Yau nake so!"

"To ai ba ka ce sun lalace ba. Na auna su da ido ɗaya a rufe, ko uwarsu ba za ta bambanta su ba."

Malam ya kashe wayar, ya zauna, ya miƙe, ya duba agogon bango, ya duba na hannu ko zai fi tausayi. Wata huɗu yaran nan suna ba da hutun tara saboda wannan abu.

'Yar Gardama, wadda ke rubuta wa na'urar umarni a kwamfuta, ta ɗauki taya ɗaya ta aza a kan benci. Ta juya ta, ta sa ta kallon taga maimakon allo.

"Malam, duba daga sama. Yanzu ina guntayen bututun suka karkata?"

Ya duba. Hagu.

"A cire injinan tayoyi biyu, na gaba dama da na baya hagu, a ɗaura su a gicciye. Lissafin ni zan gyara."

"Taya biyu na kallon gabas, biyu na kallon kudu? Wa ya taɓa ganin haka?"

"A takardar gasar akwai makin kyau ne, Malam?"

Babu. Ya ɗauko injin huda da kansa. Falankin da tayoyin ke ɗaure a kai tsohuwar ƙofar kabad ce, ta sha huda har ta gaji, ya ƙara mata takwas, ɗaya a hannun rigarsa. Dogo yana ɗaure noti, 'Yar Gardama na buga kwamfuta tana cewa a daina yi mata numfashi a ka.

Huɗu saura kwata aka ajiye na'urar a ƙasa. Ta yi kama da akuyar da ta karye aka yi mata ɗori a gaggauce. Malam ya ɗaga waya ya fara ɗaukar bidiyo.

Ta yi gaba. Ta tsaya. Sannan ta zame gefe sumul kamar kaguwa, har ta daki ƙafar benci.

Bidiyon ya tafi huɗu saura shida. A ƙasan fom akwai gurbin bayyana rawar da malami mai kula ya taka. Ya daɗe yana kallon gurbin, yara na leƙe ta kafaɗarsa, sannan ya rubuta: huda rami.