Kayan da Aka Ce An Ƙone

Shekara goma sha ɗaya Sista ta yi a sashen masu shaye-shaye na babban asibiti, wani dogon ɗaki mai gado ashirin da huɗu, can ƙarshen baranda inda masu dubiya ba sa son ƙarasawa. Ta ga zamanin maganin tari, ta ga na ƙwayoyi, har aka zo na ƙanƙara, wani farin abu kamar fasasshen gilashi da ake dafawa daga sinadarin maganin mura, a shigo da shi ta kan iyaka a cikin manyan motoci. Wanda ya zuƙe shi sai ya kwana uku idonsa biyu. Wannan abin ne ya ci ƙaninta, autan gidansu, tela, wanda ya fara sha don ya riƙa gama ɗinki a kan lokaci. Yana kan keke zuciyarsa ta buga.

Mijinta jami'i ne a hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye kayan da aka kama. Oga kowa ke ce masa, har mahaifiyarta. Ranar da aka binne auta shi ya karɓi gawar da hannunsa, ya dawo gida idonsa jajir, ya ce mata, "In dai ina numfashi, sai na ga bayan wannan masifar." Ta riƙe maganar nan kamar ta haddace ta.

Da gwamnati ta sa dokar taƙaita sinadarin, aka tsaurara bincike a kan iyaka, Sista har azumin godiya ta yi. Aka tara kayan da aka kama a wani fili aka cinna musu wuta gaban 'yan jarida. Tana cikin taron, ta yi tafi har tafin hannunta ya yi zafi, tana hangen mijinta da jarkar fetur.

Wata biyun farko abin ya yi kyau. Wasu da ƙafarsu suka kawo kansu, tunda sun nema sun rasa. Daga nan labari ya sauya. Farashi ya ninka uku, masu zuƙa suka koma allura don kaɗan ya ishe su, masu sayarwa suka shiga haɗa shi da duk tarkacen da suka samu. Sai ga mutane ana kawowa da ruɓaɓɓen hannu, da ƙodar da ta daina aiki. Mai mura kuwa sai ya zaga kanti biyar bai sami magani ba. Abin da ya ɗaure wa ma'aikatan kai shi ne, mai kyan bai yanke a gari ba, ga duk wanda aljihunsa zai iya.

A cikin waɗanda aka kawo akwai wani direban tanka da ake kira Ba-Barci. A ɗaure ya zo, yana ihu wai ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa. Bayan sati uku ya dawo hayyacinsa, sai ga shi mutum ne mai ban dariya. In an miƙa masa magani sai ya ɗaga ƙwayar ya ce, "Sista, wannan lita nawa take sha a kilomita?"

Wata Talata da la'asar yana tsaye a bakin taga, sai farar motar Sista ta shigo harabar asibitin. Oga ya fito, ya ba maigadi makulli, ya tari tasi ya tafi. Haka yake yi duk Talata: ya sauke ta da safe, ya kai motar wanki da duba mai, ya dawo mata da ita. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai ta ba su sirrin.

"Sista," in ji Ba-Barci, "waccan motar ta wace ce?"

"Tawa ce. Ko za ka saya?"

Bai yi dariya ba. "Shi kuma wancan?"

"Maigidana ne."

Ya koma ya zauna a bakin gado. Ta gama raba magani ta dawo ta same shi yadda ta bar shi.

"Lafiya, direba? Jikin ne?"

"Sista, kin yi min abin da 'yar uwata ba ta yi min ba, kin wanke min ciwo da hannunki. In na yi shiru na ci amanarki, in na faɗa kuma ki ce ƙwaƙwalwar ce ta sake juyewa." Ya rage murya. "Duk Talata motar nan tana zuwa wani shagon tayoyi a bayan tashar manyan motoci. Ba a tsayar da ita a hanya, saboda tambarin asibitin da ke jikin gilashin. A ƙarƙashin safayar taya kayan suke. Ni da kaina na sha karɓa in wuce da su gaba."

"Kayan da aka kama ai an ƙone su. Ina wurin."

"Gishiri kuka yi wa tafi, Sista."

Ta tsawatar masa, ta ce ya kwanta, har ta rubuta a takardarsa cewa yana sambatu. Amma sati guda maganar na cin ta. Tana kallon mijinta yana wasa da yara, yana tambayar ta gado nawa suka rage a sashen, yana girgiza kai don tausayi.

Talatar da ta zagayo, bayan motar makaranta ta kwashe yaran, Oga ya shiga wanka. Ta ɗauki makulli ta fita, ta buɗe but ɗin motarta, ta ɗage shimfiɗar, ta cicciɓi tayar. Ledoji shida ne a jere, kowace da lambar hukuma a manne, da kwanan wata a rubuce. Ta san rubutun. Shi ne a jikin littattafan yaranta.

Yana ɗaura agogo ya fito ya gan ta tsaye, but a buɗe. Ya dubi ƙofar gida tukuna kafin ya dube ta.

"Rufe, Madam. Mu shiga ciki."

"A nan za mu yi magana, Abban yara. Mene ne wannan?"

"Kayan aiki ne, zan kai awo."

"A ƙarƙashin tayata ake kai awo?"

Ya sauke numfashi, ya dawo da irin muryar da yake lallashin yara da ita. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, akwai na sama da shi, in ya ƙi wani za a ba makullin. Ya ce tun da aka sa dokar abin ya zama zinariya, ba wanda zai ƙona zinariya. Har ya ce gara nasu, tunda mai tsabta ne, ba irin gubar da ke ruɓar da hannun mutane ba.

"Wato taimako kake yi," ta ce. "Ina can ina kwasar amai, kai kana nan kana cika min gadaje, da motata, da tambarin aikina. Da an tare ta fa? Sunan wa ke jikin takardun?"

"Ba wanda zai tare ta."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Lokacin da auta ya rasu, ka fara?"

"Haba, Madam. Wannan kuma ai tsohon zance ne."

"Ka fara ko ba ka fara ba?"

Ya kau da kai ya ce, "Lokacin kaɗan-kaɗan ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da but ta rufe, ta shiga ta danna makullin ƙofofi. Ya buga gilashi yana kiran ta, da farko a hankali, daga baya da zagi. Ta ja motar ta fita.

Ba ta je ofishinsu ba, don ba ta san wa za ta samu a can ba. Asibiti ta nufa, ta kira shugaban likitoci da lauyan asibitin, aka buɗe but a gabansu, aka ɗauki hoto, sannan aka kira 'yan sanda. Kafin su iso ta shiga sashen, ta ɗauko takardar Ba-Barci ta soke abin da ta rubuta a kansa, ta sa hannu.

An kama Oga da yamma, aka ba da belinsa bayan kwana tara. Ƙananan ma'aikata biyu da mai shagon tayoyi ne suka zauna a tsare. Na saman da ya ambata ba a taɓa jin sunansu ba. Yayarsa ta zo har asibiti ta tsaya a baranda tana ɗaga murya, wai matar kirki a ɗaki take yi wa mijinta faɗa, ba ta tona masa asiri a titi. Wasu daga abokan aikin Sista ma suka rage gaisuwa, ana raɗe-raɗin ai ba yadda za a yi a ce ba ta sani ba.

Abin da ya fi mata wuya shi ne faɗa wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni da nake sa masa albarka duk asuba." Ta tashi ta share musu ɗakin baya, Sista ta dawo da yaranta uku.

An riƙe motar a matsayin shaida, don haka bas take hawa zuwa aiki. An ɗage shari'ar sau huɗu. Da kayan Oga suka yanke a gari farashi ya ƙara tashi, haɗe-haɗen ya ƙara muni, har aka shimfiɗa katifu shida a ƙasa tsakanin gadaje. Ba-Barci ya yarda zai ba da shaida, aka sallame shi ya koma wurin matarsa. Ranar zama na biyar Sista ta nemi canjin aiki da wata, ta je kotu tun ƙarfe takwas, ta zauna a benci na gaba. Da aka shigo da Oga ya ɗaga mata hannu, ita kuwa ta ci gaba da kallon alƙali.