Aron Tebur

Tana cikin jera kwalaben ruwan sanyi Auta ya zo ya dafa gefen teburin.

"Mama, ara mana shi. Wasan kwaikwayo za mu yi kafin wa'azi."

"Duk teburan da ke cikin majami'a ba su ishe ku ba, sai nawa?"

"Na ciki sun yi nauyi," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta kwashe biskit da alewa ta zuba a kwali, har tana tsokanarsa wai tun da ya zama shugaban matasa ya daina haɗa ido da talakawa. Mijinta kafinta ne, shi ya ƙera teburin kafin ya rasu. Da shi ta ciyar da gida, ta yi wa Auta makaranta, a nan gindin katangar majami'a, har sunanta ya ɓace sai Mai Tebur. Ƙafar teburin ɗaya ta gaza. Marigayi ya yi ta cewa gobe zai gyara, ita kuwa har yau da guntun katako take tokare ta.

Ta shiga ta zauna a bencin baya. Ga teburinta can gaban bagade, wurin gabatar da ibada, an zube masa marafan kwalba a matsayin kuɗi, samari na ta cinikin ƙarya. Sai ga Auta lulluɓe da farin zanen gado, da igiya a hannu. Ashe shi ne Yesu! Daɗi ya cika ta, ta zunguri ta kusa da ita. "Ɗana ne fa."

"Gidan Ubana kuka mayar kasuwa?" Auta ya daka tsawa. Ya ciccibi teburin ya kifar.

Ta ji ƙarar karyewar katako har cikin haƙoranta. Jama'a kuwa sai tafi, wasu na cewa amin.

Fasto ya hau mumbari ya yi magana a kan tsarkin Haikali. Can ƙarshe ya ce dattawa da shugabannin matasa sun zauna tun makon jiya: daga yau babu saye babu sayarwa a harabar majami'a. Ita kaɗai ce mai sayarwa a harabar, kowa ya sani. Babu wanda ya waiwayo ya dube ta, kuma wannan ya fi mata ciwo.

Da aka tashi ta je gaban bagade. Ba gurguwar ƙafar ce ta karye ba, masu lafiyar ne guda biyu. Auta na tsaye, bai ko cire zanen ba.

"Da kai aka zauna?"

"Mama, ai a rubuce yake..."

"Ban ce abin da ke rubuce ƙarya ne ba. Tambayarka na yi."

Ta so ta ce masa ba ta taɓa cutar kowa a kan teburin nan ba, amma ta fasa. Ta durƙusa ta tsince ƙafafun cikin marafan kwalba, ta ɗaure su da gyalenta.

Auta ya sunkuya. "Kawo in ɗaukar miki, Mama."

"Bari," ta ce, ta aza teburin a ka. "Ai ka riga ka ɗaga shi sau ɗaya yau."