Wadda Ke Barin Suna

Kwamfutar shagon ɗinkin Baba ta tsufa, sai ka kunna ta ka je ka sha ruwa ka dawo tana nan tana tunani. Aka kira ni, don a gidanmu in ka karanci kwamfuta, to har fanka kai ne mai gyara.

Ranar ce kuma mai fenti ya zo sauke allon ƙofa. Yaya ya karɓi shagon, ya ce za a goge sunan Baba a sa wani na zamani. Abin na cin Baba. Tun safe wando ɗaya yake gogewa.

Na ce manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta yi mata nauyi, sai dai a sauya mata wata, Linux ko BSD. Duk kyauta ne, lasisinsu ne ya bambanta.

"Ita ma sai da lasisi?" in ji Baba. "Tuƙa ta za a yi?"

"Sharaɗi ne, Baba. Ta farko, in ka gyara ta ka ba wa mutane, dole ka nuna musu gyaran da ka yi. Ta biyu kuwa, ɗauki, sauya, rufe, sayar, ba mai tambayarka. Sunan wanda ya fara rubuta ta kawai za ka bari."

Baba ya ajiye dutsen guga.

"Barin sunan dole ne?"

"Dole ne."

Yaya na teburin yanka, ya duƙufa kan yadi kamar a ranar ya fara ganin almakashi. Haushinsa ya kama ni, na ɗaga murya na maimaita "dole ne", ko da akwai mai matsalar kunne a shagon.

"Auta, sa mana ta biyun," in ji Baba. "Gyaran da mutum ya yi nasa ne, ya riƙe abinsa. A ina suke rubuta sunan?"

Na so in yi masa ƙarya, ban iya ba.

"Can ciki, Baba, a wani fayil. Gaskiya ba mai buɗewa."

A waje mai fenti ya fara kankare harafin farko, muna jin ƙarar.

Baba ya ɗauki dutsen gugarsa, bai kalli Yaya ba.

"To, ko a can ɗin ma," ya ce.