Waƙar Bankwanan Kaka Nuala

Ranar zaman makokin Kaka Nuala a gidanmu na Boston, Kawu Fergal ya rantse ƙungiyarsa ta makaɗa ce za ta yi waƙar bankwana. Ƙato ɗan shekara hamsin, gashi a tsaye kamar tsintsiya, wai har da rini kore.

A al'adarmu, waƙar raka mamaci lahira mutum ɗaya ke rerawa, ba kiɗa, ido a rufe, baiti ashirin da huɗu, a hankali har shayi ya huce. Haka Kaka ta yi wa duk wanda ya riga ta rasuwa.

Su Kawu kuwa suka jona jita da lasifika a gefen akwatin gawa. Makaɗin ganga ya ƙwala ihu, goge da sarewa suka ɓarke kamar an biyo ɓarawo. Hoton Kaka ya faɗo daga bango. Cikin minti ɗaya da rabi an cinye baitocin kaf.

Kawu ya share gumi, ya dubi mahaifiyata. "Yaya, ya kika ji?"

Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan auta. Shekara casa'in Inna ba ta taɓa isa coci a kan lokaci ba. Yau kam ka sa ta riga mala'iku isa."